Muƙamuƙin da Halliru Ya Haƙo

Halliru na Roni a cikin rami ya ƙare ƙuruciyarsa. Haƙar rijiya ce sana'arsa, ita ta kai shi cin rani har ƙasar Wurno, inda digarsa ta ci karo da wani dogon muƙamuƙi da ya zama dutse, haƙora jere kamar na zarto. Abokan aiki suka ce na aljanu ne, a mayar a binne. Halliru, da taurin kai tun yana yaro, ya naɗe shi a buhu ya kawo gida, ya tura ƙarƙashin gado, suka yi ta tsufa tare.

'Yarsa Khairiyya ce, da ta shiga jami'a, ta nuna wa wani malaminsu hoton muƙamuƙin. Ta dawo da labarin da ya hana tsohon zama: wai inda ya haƙa ɗin nan da can teku ne, wannan kuwa ɗan'uwan kada ne da ya rayu a ciki, irinsa ya ƙare tun fil azal. Masana sun ware musu dangi na daban, Dyrosauridae. Amma wanne ne a cikin dangin, ko ma sabo ne da ba a taɓa gani ba, sai an auna bakin, an duba haƙoran. Malamin ya ce zai zo da kansa.

Nan Halliru ya tafka wauta, daɗi ya kwashe shi ya ba da labari a majalisa. Duk bayanin nan, "kada" kawai mutane suka ji, kuma a unguwar an daɗe ana cewa haƙorin kada ake rataya wa jariri mai wahalar fitar haƙori. Yana can Gwiwa wajen yasar wata rijiya, yayansa Daudu ya shigo da guduma, ya ɓalle haƙoran tas, ya rabar wa mata. Wai sadaka ya yi.

Halliru ya dawo ya tarar da dasashi zalla. Amma yaya yaya ne, dole ya durƙusa.

"Yaya, me na yi maka?"

Daudu ko a jikinsa, ya ce dutse ne yana kwance ba amfani.

Halliru ya bi gida-gida yana roƙon a dawo masa da haƙoran, yana haɗiye zagi. Wata ta ce ya ɓace, wata ta rufe masa ƙofa. Guda ɗaya ya rage wanda ya san inda yake: a wuyan jikansa, a cikin gidansa. Ya zaro reza ya kama zaren. Yaron na barci, jikinsa da ɗumi.

"Baba, tun da aka sa masa ya samu barci," in ji matar ɗansa, idonta ya cika da ƙwalla.

Halliru ya san dutse ba ya maganin komai, sanin ne ma ya fi ƙona masa rai. Ya daɗe riƙe da zaren, sannan ya saki, ya yi jifa da rezar bayan katanga, ya ƙwala wa Khairiyya kira.

"Buga wa malamin naku waya. Ki ce ya yi zamansa."