Rabin Askin Kawu Almakashi

Kowa a layinmu Kawu Almakashi yake ce masa, har matarsa idan ta so tsokana. Shagon askinsa ɗaki ɗaya ne a ƙarƙashin bene, da kujerar da ba ta juyawa sai hagu, da madubi mai tsaga, da dogon bencin da samarin layi suka mayar gidan ubansu. Nan suke wuni suna musun ƙwallo, suna cajin waya a ɓagas.

Duk Asabar Kawu kan rufe shago da hantsi ya tafi asibiti, ɗakin tsofaffin da suka daɗe a kwance, ya yi musu aski kyauta. Ya fara ne tun jinyar mahaifinsa, da ya ga gemun tsohon ya cukurkuɗe ba mai kula. Aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, shi ya sa ya sha roƙon samarin su raka shi. Kowa ya ce, "In sha Allahu, Kawu." Lokacin tafiya na yi sai benci ya zama wayam.

Wata Asabar wani saurayi da ake kira Ɗan Gayu ya shigo yana ƙamshin turare, zai je wurin budurwarsa da yamma. Kawu ya zaunar da shi, ya kwashe gashin ɓangaren dama tas, sannan ya kashe inji, ya naɗe waya, ya jefa a jaka.

"Kawu, lafiya?"

"Lokaci ya yi, ɗana. Tsofaffina na jira."

"To kaina fa?"

"Kai ai naka ne. In kana son ragowar, biyo injin."

Ɗan Gayu ya yi magiya, ya yi fushi, Kawu kuwa har ya ɗauko kwaɗon ƙofa. Dole ya yafa tawul a ka ya bi shi. Abokansa suka rufa musu baya suna sheƙa dariya, don su ga ƙarshen abin.

Suna shiga ɗakin, babbar nas ta tarbe su da murna, ɗaliban jinya 'yan mata na tsaye a bayanta.

"Kawu, yau 'yan sa-kai ka kawo mana? Allah ya yi muku albarka, samari!"

Wa zai ce a'a a gaban 'yan mata? Kafin su farga Kawu ya miƙa wa wannan robar ruwa, wancan sabulu. Ɗan Gayu ya sunkuya zai tallafo wani tsoho, tawul ya zame. Tsohon ya ƙura masa ido.

"Yaro, wane irin ciwo ne wannan? Wane gado aka ba ka?"

Ɗakin ya kaure da dariya, tsohon har da tari. Nas ta ce rabon da ta ji muryarsa har ta manta. Ɗan Gayu ya zauna a bakin gadon suna hira, sai da aka gama da kowa sannan aka ƙarasa masa askinsa.

Daga ranar ba wanda ya sake yarda ya hau kujerar Kawu da safiyar Asabar, amma 'yan rakiya sai ƙaruwa suke. Wasu don tsofaffin, wasu don ɗaliban jinya. Kawu ya ce shi bai tambayi niyyar kowa ba, a dai riƙe roba da kyau. Sannu a hankali suka koyi aski da yankan farce, suka fara bi gida-gida suna tara riguna da barguna. 'Yar Kawu ma ta kwaso ƙawayenta suna yi wa majinyatan ɗakin mata kitso.

Yanzu ciwon baya ya hana Kawu doguwar tsayuwa, samarin ke aikin. Shi yana gefe yana buga karta da majinyata. Kwanan baya babbar nas ta kama shi da kati a hannun riga.

"Haba Kawu, marasa lafiya kake cuta?"

"Ranki ya daɗe, in ban cuce su ba barci suke yi. Dubi yadda wancan ya tashi zaune don ya zage ni!"