Mai Tsani, Wanda Ya Riƙe Mana Rufi Shekara Goma Sha Huɗu

Ranar Talata, tara ga watan Afrilu, ina tsakiyar yanka takardun wata makaranta, ƙaninka ya tsaya a bakin shagona ya ce, "Yaya ya cika da hantsin nan." Na kashe injin, na nemi wuri na zauna. Mu duka na Allah ne, kuma inda ka tafi nan muka dosa. Kwana goma sha ɗaya ka yi kana fama da ciwon ƙirji, ka rasu a kan shimfiɗarka, kai da ka shafe shekara arba'in kana yawo a kan rufin mutane ba ka taɓa ko zamewa ba.

Mai Tsani muke kiranka, mu masu shaguna talatin da biyu na wannan bene, don ba a ganinka sai da tsani a kafaɗa. Shekara goma sha huɗu ke nan da muka san ka, a daminar da rufin kankaren ginin nan ya hana mu sakat. Ni mai buga takardu ne a hawa na sama, kuma takarda ba ta shiri da ruwa. Bokiti bakwai na jera a shagona. Masu gyara uku suka zo, kowanne ya hau ya damɓara kwalta daidai saitin inda ke ɗiga, ya sauko yana cika baki, ruwa na gaba ya ƙaryata shi. Mai ginin ya gaji, ya ce zai fasa rufin ya sake sabo, kowa ya kwashe kayansa na wata shida. Mun kuwa san wanda ya fita ba zai dawo ba, shagon da aka sabunta ba namu ba ne kuma.

Maƙwabciyata mai ɗinki ce ta kawo ka. Na ja ka in nuna maka inda ke zuba, ko ɗaga kai ba ka yi ba. Ka ce, "Ɗana, ba nan ya shigo ba. Nan dai ya gaji ya sauko." Gaskiya na ji haushi, na ce a raina ga na huɗu ya iso.

Sai ka tuɓe takalmi ka hau, rana tsaka, kankare kamar kasko. Da tafin ƙafa kake gane inda kwalta ta kumbura ta ɓoye ruwa a ƙarƙashinta. Ka sa aka riƙa kawo maka ruwa, kana zubawa bokiti ɗaya bayan ɗaya, daga gefen da ya fi gangara, taku biyu-biyu, kana jira. Ni kuma ka tsayar da ni a ƙasa da sandar tsintsiya, in na ga danshi in ƙwanƙwasa silin. Kwana biyu muka yi a haka, wuyana ya ƙage. A rana ta biyu ka gano ɓarnar, taku goma sha biyar daga saitin shagona: masu kafa tankin ruwa sun huda kankaren sun bar ramukan a buɗe, indararo uku kuma sun toshe da leda da sheƙar tattabaru, ruwa ya rasa hanya yana kwana a sama.

Mai ginin ya ce, "Baba, na bar maka. Amma ranar da ɗigo ɗaya ya sake sauka, kowa ya tattara nasa ya nasa." Ka ce, "Na ji, Alhaji. Makullin ƙofar sama dai a aljihuna zai zauna."

Tun daga ranar babu mai kafa dish na talabijin ko na'urar sanyaya ɗaki da ya hau sai kana tsaye a kansa. Sun tsine maka a bayan ido, mu ma wani lokacin mun ce tsohon nan ya cika tsanani. Kowace shekara kafin ruwan fari kana sama da tsintsiya, ba wanda ya aika maka. Kowace shekara kuma Alhaji sai ya tuna mana sharaɗinsa, yana dariya, mu kuma mun san ba wasa yake ba. Damina goma sha huɗu, ɗigo bai sauka ba. Ina alfahari da cewa na san ka, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Da ka rasu, baƙin cikinmu ya haɗu da tsoro, don damina ta ƙarato. Kwana huɗu bayan nan matarka ta aiko ƙaninka da makullin. Ya ce, "Ya ce a ba mai buga takardu, ku hau kafin hadari ya haɗu." Muka hau, maza da mata, ba wanda ya san ta inda zai fara. Sai muka tarar ka zagaye wurare goma sha tara da jan fenti, ka sa musu lamba bi da bi, kusa da kowanne ka rubuta abin yi da karkataccen rubutunka: a share, a sa kwalta, kar a taka. Fentin sabo ne. Ƙaninka ya ce mako guda kafin ka kwanta ka yi shi, sau uku kana zama a kan matakala kafin ka kai sama. Mai ɗinki ta juya baya tana share ido da mayafi.

Kwana uku muka yi muna bin lambobinka. Ranar Lahadi da la'asar aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na tsaya a tsakiyar takarduna ina kallon silin har aka ɗauke, ko ɗigo bai sauka ba. Alhaji ya zo riga jiƙe, ya bi shago-shago yana shafa bango. Da ya gama ya ce mini, "Makullin ya zauna a hannunka, inda marigayi ya ajiye shi."

Ga matarka, da 'ya'yanka, da ƙaninka, muna miƙa ta'aziyyarmu, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Ku sani gida talatin da biyu sun ɗora tukunya yau saboda mahaifinku ya hau sama da ciwo a ƙirjinsa. Allah Ya jiƙanka, Mai Tsani, Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata maka makwanci, Ya sa ka huta.