Hannun Baba Wanzami

Babanmu wanzami ne a Tafoki. Aski, kaciya, ƙaho, cire beli, duk a hannunsa na dama na taso na gan su. Hannun nan ne ya fara rawa, kaɗan-kaɗan, kamar mai murza carbi. Ranar da ya yanki wani Alhaji a ƙeya, labarin ya riga shi isa gida. Mutanen da ya yi wa askin suna da hannunsa suka koma wucewa ta bayan rumfarsa.

Na kai shi asibiti a Funtuwa. Likita ya ce ciwon jijiyar ƙwaƙwalwa ne, ba a warkewa, sai dai a lallaba. Ya ba shi wata 'yar farar ƙwaya. Rawar kuwa ta lafa. Baba ya wasa aska, ya sa ni zama ya yi mini ƙwal, yana dariya.

Daɗin bai jima ba. Bakinsa ya bushe har tuwo ba ya haɗiyuwa sai da ruwa. Fitsari sai da nishi. Ido ya yi hazo. Wata ranar kasuwa Baba ya dube ni a zaure ya ce, "Malam, aski za a yi?" Na ɗauka wasa ne.

Ashe irin ƙwayar nan samarin garin suke sha don maye. Da aka ga Baba yana hira da mutanen da ba kowa ke ganinsu ba, sai aka ce tsoho ya fara shaye-shaye. Wanda ya fi yaɗa zancen, Baba ne ya yi masa kaciya.

Likita ya ce ƙwayar ba ta yi wa tsufa daɗi, a rage ta sannu a hankali har a daina. Baba ya ƙi.

"Ku bar mini hannuna," in ji shi. "Hankalin mi zan yi da shi?"

Muka bi maganar likita. Hankalinsa ya dawo sarai, rawar ma ta dawo, har ta kama haɓa. Ya gane kowa, ya kuma ji duk abin da aka faɗa a kansa. Daga nan bai ƙara zama ƙofar gida ba.

Ranar jana'izarsa sahu ya kai bakin hanya. Sai yabon sa suke yi. Na tsaya ina karɓar gaisuwa, ina ce wa kowa na gode.