Usta Haruna Bai Janye Ƙararsa Ba

Ina kan katanga a garin Fau, ina jera bulo, sai wani direban lori ɗan unguwarmu ya tsaya a ƙasa ya kira sunana. Ko gaisuwa bai yi ba. Ya ce, "Sauko, Idrisu. Usta Haruna ya cika yau da safe." Na wanke hannuna, na hau motarsa zuwa garinmu Gadarif. Bakina yana ta innalillahi, amma zuciyata tafasa take, domin na san mutuwar nan ba yau ta fara ba.

Usta Haruna magini ne, shi ya koya mini sana'a. Mutum ne mai ƙarancin magana, ba ya sa hannu a kwanon wake sai leburan da ke kwaɓa siminti ya wanke hannu ya zauna. Wata rana ƙusa ta huda ƙafar wani lebura Bahabashe da ba ya jin Larabci balle Hausa, Usta ya goya shi har wurin mai magani. Kuma kowace safiya shi yake fara hawa sigala, katakon da muke tsayawa a kai, ya tattaka ta kafin ya bar kowa ya hau. Yakan ce, "In za ta karye, ta karye da wanda ya fi ku cin tuwon duniya." Mukan yi dariya.

Muna gina wani babban ɗakin ajiyar riɗi ne abin ya faru. Kaka ta matso, ɗan kwangila yana gaggawa. An kwana ana ruwa, kuma kowa ya san baƙar ƙasar Gadarif in ta sha ruwa, ko jaki ba ta riƙewa. Ƙafafun sigala suna cikin taɓo. Muka roƙi a bari ƙasa ta tsane. Wakilin ɗan kwangila ya ce wanda ba zai hau ba ya kwashe kayansa ya tafi, akwai masu jira a bakin ƙofa. Usta ya dube mu, ya hau shi kaɗai. A gaban idona sigalar ta karkace, ya faɗo da baya a kan tarin bulo.

Abin da ya biyo baya shi ne ba zan manta ba. Wakilin bai tambayi ko yana numfashi ba. Ya sa aka ciccibe shi kamar buhu, aka jefa a motar yashi, aka fita ta ƙofar baya don kada mutane su gani. Ya ce in mun isa asibiti mu ce a gida ya faɗi. Na gaya wa likita gaskiya, washegari aka sallame ni daga aiki. Likita ya ce ƙashin baya ya karye, kuma irin ɗaukar da aka yi masa ta ƙarasa abin da faɗuwar ta rage.

Ɗan kwangila ya zo dubiya sau ɗaya, da ƙullin sukari. Ya ce, "Ma'alesh, Usta, sai haƙuri. Ƙaddara ce."

Usta yana kwance a gadon igiya, ya ce, "Na yarda da ƙaddara, Alhaji. Amma ba ƙaddara ce ta ce in hau ba, wakilinka ne."

Wani lauya ya shaida mana cewa doka ta ba wanda ya ji rauni a bakin aiki haƙƙin magani da diyya, ko da aikin yini yake yi. Usta ya kai ƙara. Sai mutumin da ya kawo sukari ya ce bai taɓa ɗaukarsa aiki ba. Sauran waɗanda suka ga faɗuwar suka yi gum, kowa na tsoron bakin 'ya'yansa, kuma ban zarge su ba. Waɗanda nake zargi dattawanmu ne, da suka zo ɗakinsa da manyan rawuna suna cewa ya janye, wai mu Hausawa baƙi ne, jikokin mahajjatan da suka yada zango a nan a kan hanyar hajji, ba a san mu da shari'a ba. Ya ce musu, "A garin nan aka yanke cibiyar ubana. Har yaushe za mu riƙa faɗowa a matsayin baƙi?"

Aka yi ta ɗage shari'a, damina ta wuce, wata ta zo. Bayansa ya yi gyambo saboda kwanciya. Matarsa, Inna Zainabu, ita ke juya shi, ta wanke shi, sannan ta fita sayar da kisra, wainar dawa ta mutanen nan. Zuwana na ƙarshe na tarar da liman yana roƙonsa ya yafe wa kowa. Ya ce, "Malam, abin da aka yi mini ni kaɗai na yafe. Wannan kuwa ba nawa ba ne ni kaɗai. Gobe ma wani zai hau."

A zaman makoki wakilin nan ya shigo rumfa, ya ɗaga hannu yana Fatiha tare da mu. Wallahi sai da na danne hannuna a ƙarƙashin cinyata don kada in kai masa duka. Da ya fita, Inna Zainabu ta kira ni bakin zana. Idonta a bushe. Ta ce, "Idrisu, lauya ya ce haƙƙin ba ya bin mamaci kabari, yana komawa ga magada. Da na fita takaba, ka zo ka raka ni kotu." Na ce, "Ko da rarrafe, Inna."

Allah ya jiƙan Usta Haruna, ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara, ya yalwata kabarinsa, ya tashe shi a kan ƙafafunsa cikin salihan bayi. Allah ya ba Inna Zainabu da 'ya'yanta haƙuri, irin wanda ba ya hana neman haƙƙi. Ya tsare duk wanda zai hau katako don ciyar da iyalinsa. Waɗanda suka ce ba su san shi ba kuwa, ya Allah, Kai ka san shi, kuma Ka san su. Amin.