Rigar Mai Faiba

Ranar Talata, biyar ga Maris 2019, Othniel Pindar ya fara zuwa teburin yankan kati na ƙaramin asibitin da ke Umarari, rungume da 'yarsa Serah, mai wata huɗu. Sau biyu aka tambaye shi sunanta kafin ya iya faɗa.

Mutumin Marama ne, ya shigo Maiduguri da ƙuruciya ya koyi aikin faiba, wato zaren gilashin nan da ake saƙawa kamar tabarma. A shimfiɗa shi kan fasasshen tankin ruwa ko bambar mota, a shafe da gam, in ya bushe ya yi tauri kamar ƙashi. Sana'ar ta riƙe shi, har ya auri Kezia. Ɗansu na fari ƙyanda ce ta ɗauke shi.

Shi ya sa da jajayen ƙuraje suka feso wa Serah a wuya da baya, Othniel ya daina cin abinci. Kwana shida tana tsala kuka. Kezia ta yi ta gasa mata jiki da ruwan zafi, abin sai ƙaruwa yake. Shi kuwa ko a rumfar aikinsa yake, ƙaramin kabarin ɗan nan nasu yake gani.

A asibitin, Ya Zainaba, tsohuwar nas, ta taɓa goshin yarinyar, ba zazzaɓi. Ta kai ta bakin taga, ta ɗaga tsumman da aka naɗe ta da shi. A cikin rana sai ga shi yana ƙyalli.

"Wannan rigar wa ce?"

"Tawa ce, Mama. Surukata ta ce a riƙa lulluɓe ta da rigar uba, ta ji ƙamshina ta yi barci."

"Ƙamshinka? Me kake yi, ɗana?"

Ya faɗa mata.

"To gilashi kuka shimfiɗa mata. Kai fatarka ta zama ta kada, ita fa?"

Othniel ya kalli hannuwansa, ya zauna a ƙasa.

"Za ta rayu?"

"Ruwan sanyi, ban da cuɗawa. Rigar nan kuma kada ta sake shiga gida."

Cikin mako ƙurajen suka baje. Tun daga nan a rumfa yake wanka ya sauya kaya kafin ya koma gida. Har yanzu yana liƙin tankuna a Umarari. Serah tana aji biyu na firamare.