Hawainiyar Jaotombo Ta Ƙi Shan Ruwa

Yayana Jaotombo direba ne, tsakanin garuruwan Ambanja da Ambilobe yake jigilar fasinja tun ina 'yar yarinya. Ga tumbi ga murya, ba ya shakkar kowa a tasha. Abu ɗaya ke sa shi taka birki har kaji su zubo daga saman mota: hawainiya. A gidanmu kakanni sun hana mu taɓa ta da hannu, balle kisa. Direban da ya kashe ta kuwa sai dai ya ajiye makulli, don ko uwarsa ba za ta ƙara shiga motarsa ba.

Wata rana da rani sai ga shi ya dawo da rana tsaka, riƙe da reshen bishiyar koko nesa da jikinsa kamar mai ɗauke da garwashi. A kan reshen ga wata ƙatuwar hawainiya ta yi baƙi ƙirin, ƙafar baya ɗaya na lilo. Tayarsa ce ta shafe ta tana tsallaka titi.

Matarsa Mbotizara na bakacen shinkafa, ta ɗago kai ta ce, "Baban Zafy, cefanen yau ke nan?"

"Ke dai rufa mini asiri. In ta mutu na shiga uku."

Ya ɗora ta kan bishiyar lemon tsakar gida, ya jingine mota. Ƙato guda ya koma rarrafe cikin ciyawa yana kamun fara, ya soke a tsinke ya miƙa mata. Ni kuwa a ƙofar gidan nake sayar da kofi da wainar shinkafa, direbobi suka samu abin yi. Kowa ya zo sai ya leƙa ta katanga: "Jaotombo, yaya mai jiki? Ta kwana lafiya?"

Fara dai ta ci. Ruwa ne ta ƙi. Ya zuba a kwano, ko kallo. Ya sauya da kofin da muke ba baƙi ruwa. Har ruwan ƙanzon shinkafa da muke korawa da shi bayan abinci ya kai mata, wai ko na rijiya ne bai yi mata ba. Idanunta suka faɗa, shi ma nasa suka faɗa. Wallahi na daina dariya, tausayinsa ya kama ni.

Mbotizara ce ta ƙule. Ta gama wanke ganyen miya, ta gan shi tsugune ya buga tagumi, ta ce, "Kai da majinyaciyarka kun ishe ni!" Ta watsa ruwan can wajen lemon, rabi a kan mijinta, rabi a kan ganye.

Bai ko share fuska ba. Hawainiya ta juyo da ido ɗaya, ta matso, ta buɗe baki ta lashi ɗigon da ke bin ganye. Ta ƙara. Ashe baiwar Allah ba ta san kwano ba, raɓa da ruwan sama take lasa.

"Maman Zafy, ƙara! Don Allah ƙara watsawa!"

"Au, yanzu kuma ni ce likitar?"

Daga nan kullum da safe zai tsoma tsintsiya a ruwa ya yarfa wa lemo. Sannu a hankali shuɗi ya dawo wa hawainiya, ja ya fito a wuya, ƙafar ta fara kama reshe.

Ranar da ya koma aiki ina cikin motar, ita kuma tana gaba a kan reshenta, kwandasta ya manne da ƙofa. Da muka kai gonakin koko, inda tayarsa ta shafe ta, Jaotombo ya tsaya, ya fita, ya tsallaka titi da ƙafa ya ajiye ta a wancan gefen.

Wani dattijo ya leƙo ta taga ya ce, "Direba, me ya kai ka tsallake? Nan ma ai itatuwa ne."

Jaotombo bai waiwayo ba, yana kallon ta tana hawa. Ya ce, "Baba, can ta nufa ran nan. Ni na katse mata tafiya."