Ƙofa Biyu a Faifai Ɗaya

Muryar Baba tana cikin tsohuwar kwamfutata. Na ɗauke ta ne a damunar da ya yi ta ƙarshe, yana zaune a tsakar gida a Chinade yana ba da labarin fataucinsa na gyaɗa. Bayan rasuwarsa Inna ta ce tana son ta ji. Ina kunna kwamfutar sai faifan cikinta ya fara ƙas-ƙas kamar ɓera a rumbu.

Na kai wa ɗan kawuna, mai gyaran kwamfuta a bayan kasuwar Azare. Ya kasa kunne, ya ce faifan ya kusa mutuwa, wataƙila karatu ɗaya ya rage masa, sai a kwashe komai zuwa sabo.

"Yaya, ta wace ƙofa za mu rubuta? Ɗanya ko ta bulo?"

Na ce faifai ɗaya, ƙofa biyu kuma? Ya ce ƙwarai. Ta bulo, injin yakan tara saƙo a ƙwaƙwalwarsa tukuna, kamar mai tara hatsi a zaure, ya riƙa shigarwa guntu-guntu idan ya ga dama. Ɗanyar kuwa babu zaure, kai tsaye ake zubawa, amma sai ka auna komai daidai da ma'aunin faifan. Na gyaɗa kai irin na wanda ya gane. Wallahi ban gane ba. Kalmar ɗanya ce ma ta ba ni tsoro, na ce a bi ta bulo, ta fi kama da abu mai ƙwari.

Shagunan layin nan janareta ɗaya suke sha, kuma ƙa'idarsu da ladan ya buɗe baki ake kashe janaretan, ba a tambayar kowa. Allon ya nuna an gama, na ce alhamdulillahi, sai kiran azahar. Wuta ta ɗauke. Ɗan kawuna ya dafe kai.

Na ce ai injin ya ce ya gama. Ya ce ya gama karɓa ne, bai gama ajiyewa ba, sauran yana zaure. Na ce to a koma zauren a ɗauko. Ya ce zauren da wuta yake tsaye. Har yau wannan magana ba ta zauna mini ba, kuma raina yakan ɓaci in na tuna. Tsohon faifan bai sake juyawa ba.

Abin da ya tsira na sa a waya, na hau acaɓa na kai wa Inna. Ta zauna a tabarma tana ji, tana gyara wa Baba sunayen garuruwa. Can Baba ya katse labarin, ya ɗaga murya ya kira ta da sunan da shi kaɗai yake kiranta. Daga nan shiru.

"Na'am, Malam," in ji Inna. Ta matso da wayar kusa da kunnenta, tana jiran ta ji abin da yake so.